Tambayi Likita: Tsohon Kare a Sabon Gida

A fitowar da ta gabata na ambaci Duna a layi biyu kacal, baƙin karen nan da na ɗauko daga gidan kula da dabbobi yana da kimanin shekara 11, ya yi shekara uku a wurina kafin ya mutu. Ban zaci layi biyun za su jawo wasiƙu haka ba. Wasu suna tambaya ko su ɗauki tsohon kare, wasu sun riga sun ɗauka sun rasa yadda za su yi da shi, wasu kuma nasu ne ya tsufa a hannunsu. Na zaɓi bakwai, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Duk abin da zan faɗa a nan bai kai hannun likitan da zai taɓa karen ya duba shi ba, don haka inda na ce a je asibiti, a daure a je.

Tambaya: 'Yata Likita, sannu da aiki. Ni malamar makaranta ce da ta yi ritaya, shekarata 66, ina zaune ni kaɗai. Ɗana ya kai ni gidan kula da dabbobi mu ɗauko ɗan kwikwiyo. A keji na ƙarshe na ga wata karya, bakinta duk furfura, an ce shekararta goma. Sauran suna ta haushi da tsalle, ita ko tashi ba ta yi ba, ido kawai ta bi ni da shi. Tun ranar ta tsaya mini a rai. Ɗana ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma me zan yi da wadda ta kusa mutuwa?

Amsa: Mama, ina gaishe ku. Kun faɗa mini shekarunta amma ba ku faɗa mini girman jikinta ba, alhali a wurin karnuka girman jiki ne ke nuna saurin tsufa. Ƙanana irin Chihuahua sukan kai shekara 14 zuwa 16, manya-manya kuwa irin Great Dane da wuya su wuce goma. Idan karyar nan 'yar ƙarama ce da za ku iya ɗauka a hannu, mai yiwuwa akwai shekara huɗu ko biyar a gabanta. Idan babba ce mai kilo 40, ku sa ran ɗaya ko biyu. Lissafin nan da ake yi wai shekarar kare ɗaya daidai take da bakwai ta mutum, ku bar shi. Shekarar farko kaɗai ta kai kusan 15 ta mutum, daga baya ne abin ke lafawa.

Ɗanku bai yi ƙarya ba da ya ce za ta riga kwikwiyo tafiya. Sai dai a auna wahalar kwikwiyon ma. Ɗan wata biyu ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa biyu ko uku, dare da rana. Zai tauna takalmi, ya tauna wayar caja, domin haƙoransa 28 na yarinta suna zubewa, 42 na girma suna fitowa, har ya kai wata shida ko bakwai. Yana cika shekara ƙarfinsa ya isa ya fizge igiya ya kayar da mutum. Ga shi alƙawari ne na shekara 13 ko 15. Allah Ya ƙara muku tsawon rai da lafiya, ba baki nake yi muku ba, na faɗa ne don na san inda tsofaffin karnukan gidajen nan suke fitowa. Yawancin waɗanda suka bi ta hannuna ba su yi laifin komai ba. Mai su ne ya rasu, ko ya kwanta ciwo, ko ya koma gidan hayar da aka hana ajiye dabba, ko kuɗin magani ya fi ƙarfinsa. Karyar da ta shekara goma cikin mutane ta san amfanin ƙofa, ta san ba a fitsari a ɗaki, ta san muryar da ke nufin a'a. Halinta ya riga ya fito fili, ba sai an jira shekara biyu a ga yadda za ta kasance ba.

Maganar icce da tanƙwara kuwa, a kan kare ba ta zauna ba. Duna ya koyi alamun hannu biyar yana da shekara 12, bayan kunnensa ya tafi. Tsohon kare ya fi kwikwiyo natsuwa wajen koyo, a dai riƙa yi masa kaɗan-kaɗan, minti biyar a zama ɗaya.

Irin wannan karya su ne suka fi daɗewa a keji, kowa ya wuce su ya nufi inda 'yan kwikwiyo suke. Abin da ya sa ke nan aka kafa ƙungiyoyi dominsu kaɗai, kamar Muttville da Sherri Franklin ta fara a San Faransisko ta Amurka a 2007, wadda ke karɓar karnuka daga shekara bakwai zuwa sama.

Ku koma, amma da tambayoyi a hannu. Yaya aka yi ta zo? Ina takardar rigakafinta, musamman ta haukan kare? An cire mata mahaifa? An yi gwajin jini na ƙoda da hanta? Akwai maganin da take sha kullum? Ku roƙa a fito da ita fili ku yi 'yar tafiya tare, domin kare a keji daban, a waje daban. Rashin tashin da ta yi ranar na iya zama natsuwa, yana iya zama ciwon gaɓɓai, yana iya zama ta gaji da tashi wa mutanen da ba sa tsayawa. Tafiyar minti goma za ta nuna muku wanne ne. Gidaje da yawa sukan yarda a ba da riƙon gwaji na sati biyu, ku nema. Sannan ku zauna da ɗanku ku yi lissafi ba ɓoye-ɓoye: tsohon kare na son ganin likita duk wata shida, wa zai biya, wa zai ɗauke ta a mota ranar da ƙafa ta ƙi? Idan ya ɗauki wannan nauyin, da ni ce ku ita zan ɗauko.

Tambaya: Anti Likita, kwana biyar ke nan da muka ɗauko kare ɗan shekara tara. A can yana ta kaɗa wutsiya, amma tunda ya zo ya shige ƙarƙashin tebur, abinci sai ya ɗan lasa ya bari, ya yi fitsari a falo sau biyu. Jiya 'yata mai shekara huɗu ta rungume shi yana barci, ya yi mata gurnani. Na daka masa tsawa, yanzu ko kallona ba ya yi. Matata ta ce a mayar da shi. Mugun kare aka ba mu?

Amsa: Ƙanena, kwana biyar ba su isa a san halin kare ba. Ma'aikatan gidajen dabbobi suna da ƙiyasin da suke kira uku-uku-uku: kwana uku kafin firgici ya sauka, sati uku kafin ya gane tsarin gidan, wata uku kafin ya ji nan ne gidansa. Tsoho yakan ɗauki fiye da haka. Shekara tara yana kwana a kusurwa ɗaya, yana jin ƙanshin mutum ɗaya, rana ɗaya komai ya ɓace, aka sa shi cikin hayaniyar keji, yanzu kuma ga baƙin fuskoki. Ƙarƙashin tebur shi ne wurin da ya ga ba wanda zai zo masa ta baya.

Matarka tana da gaskiya da ta tsorata, kada ka raina maganarta. Amma gurnani gargaɗi ne, kuma karen da ya yi gargaɗi ya tsaya a nan ya yi muku adalci. Idan ana hukunta kare saboda gurnani yakan daina gurnanin, abin da ke damunsa kuwa yana nan, sai wata rana ya tsallake kai tsaye zuwa cizo. Yawancin karnuka ba sa son runguma ko idonsu biyu, balle a cikin barci. Ka gwada kunnensa: tsaya a bayansa inda ba ya ganinka, ka kaɗa makullai, ka ga ko kunnen zai motsa. Karen da ba ya ji sosai ba ya sanin an nufo shi sai ya ji hannu a jikinsa. Haka kuma idan ƙugunsa na ciwo, nauyin yarinya a bayansa azaba ce.

Daga yau doka ce a gidan: ba a barin yarinyar da shi su biyu, ba a taɓa shi yana barci, ba a taɓa shi yana cin abinci. Ku ware masa wuri guda da shimfiɗa da ruwa inda ba a yawan wucewa. Ku dakatar da kiran baƙi su zo ganinsa. Ka fita da shi duk awa uku ko huɗu, da zarar ya farka, da kuma bayan ya ci, ka yaba masa idan ya yi a waje, domin bai san ƙofar da ake bi ba tukuna. Ka tambayi irin abincin da yake ci a can ka ci gaba da shi, in za ka sauya ka yi a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma, kada zawo ya haɗu da damuwa. Idan ya yi kwana biyu cur bai ci komai ba, ko ya ƙi ruwa, ko yana amai, wannan ya wuce baƙunta, sai asibiti. Kada ka kwance masa igiya a waje cikin makonnin nan, tsofaffi sukan gudu neman tsohon gida. Ka rataya masa lambar wayarka a wuya, idan kuma yana da 'yar ƙwayar shaidar nan da ake sakawa a ƙarƙashin fata, a mayar da rajistarta sunanka.

Gyaran tsakaninku kuwa ba ya son magana da yawa. Ka zauna a ƙasa nesa kaɗan, ka ba shi gefe, ka yi karatunka ko ka duba wayarka, kada ka zuba masa ido. Duna kwana takwas ya yi a bayan kujera. A na tara ina zaune ina rubutu na ji nauyin haɓarsa a kan ƙafata.

Akwai inda zan ce a mayar da shi. Idan idonsa biyu, ba wanda ya taɓa shi, amma ya sandare yana bin yarinyar da ido, ko ya kai mata hari, ku mayar, ku faɗa musu gaskiyar abin da ya faru don a nema masa gidan da babu ƙananan yara. Ba abin kunya a cikin wannan.

Tambaya: Likita, karena Labrador ne, shekara goma, kilo 41, wata huɗu a hannuna. Ba ya iya hawa mota, in ya tashi daga kwance sai ya yi ta ɗingishi, wuni yake a kwance. Inda na ɗauko shi sun ce tsufa ne. Na fara ba shi rabin ƙwayar ibuprofen da nake sha don gwiwata, yau kwana uku, na ga ya ɗan sake. In ci gaba?

Amsa: Malam, ka daina yau ɗin nan, ka kai shi asibiti, ka faɗa wa likita adadin da ka ba shi da ƙarfin ƙwayar. Ibuprofen da naproxen da diclofenac suna haddasa wa kare gyambon ciki, suna lalata ƙoda, tsohon kare kuma ƙodarsa dama ba ta da sauran ƙarfi da yawa. Idan ka ga kashinsa baƙi ƙirin kamar kwalta, ko amai, ko ya ƙi abinci, kada ka jira gari ya waye. Farasitamol ma ba a ba kare sai likita ya auna, kyanwa kuwa kashe ta yake yi. Akwai magungunan da aka yi don karnuka, irin carprofen da meloxicam, amma sai an duba jini tukuna, kuma sai an bar 'yan kwanaki wancan ya fita daga jikinsa.

Sakewar da ka ga ya yi ita ce ta fi muhimmanci a wasiƙarka. Maganin ciwo ba ya mayar da shekaru baya. Tunda ya sake, ashe ciwo ne ya kwantar da shi. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ba kalmar da ta cuci tsofaffin karnuka kamar "tsufa ne". Da an furta ta sai kowa ya naɗe hannu.

Takardar da aka liƙa a kejin Duna cewa ta yi ba ya son wasa, ba ya cin abinci sosai. A sati na uku, da ya yarda na buɗe bakinsa, na tarar da manyan haƙoran baya biyu a tsage, dasashi na fitar da mugunya. Na yi fargabar allurar barci a shekarunsa, kamar yadda kowa ke yi, sai da na gwada jini na saurari zuciya na ga za su ɗauka. Haƙora bakwai aka cire. Bayan kwana goma na fito tsakar gida na same shi da ƙwallo a baki, yana jira na. Tsagewar haƙoran ta tsufa, alamar ya daɗe da su, kuma duk wanda ya riƙe shi kafin ni ya ɗauka halinsa ke nan. Har yau in na tuna tsawon lokacin da ya yi yana tauna a gefe ɗaya shiru, raina yakan ɓaci.

Kare ba ya kuka saboda ciwon da ya daɗe. Abin da za ka gani shi ne lasar gaɓa guda ba fasawa, haki da dare alhali ba zafi, juye-juye da yawa kafin ya kwanta, daina zuwa tarar ka a ƙofa, saurin fushi in an taɓa bayansa. Abin da ka bayyana ya yi kama da amosanin gaɓɓai, hoton ƙashi zai tabbatar. Ba ya warkewa, amma ana sarrafa shi sosai.

Kilo 41 ya yi wa yawancin Labrador yawa. Akwai binciken da aka wallafa a 2002 a kan Labrador 48, aka raba su biyu-biyu 'yan ciki ɗaya, ɗaya ana rage masa kashi 25 cikin ɗari na abin da ɗan'uwansa ke ci har ƙarshen rayuwa. Waɗanda aka rage wa sun fi daɗewa da kusan shekara biyu, kuma ciwon gaɓɓai ya jinkirta kama su. Ka shafa haƙarƙarinsa: in sai ka danna kafin ka ji ƙashi, akwai aiki. A riƙa auna abincin da ma'auni, a hana mutanen gida miƙa masa ragowa.

Sauran gyaran na gida ne. Tayil mai santsi abokin gaba ne ga tsohon kare, ka shimfiɗa darduma a hanyar da yake bi. A yanke masa farata, in sun yi tsawo suna karkatar da yatsu. Katifa mai kauri a wurin da ba sanyi. Katako a jingine ya zama masa gangara zuwa mota. Tafiyar minti goma zuwa sha biyar sau biyu ko uku kullum, da sanyin safiya da yamma, ta fi doguwar tafiya sau ɗaya a mako da za ta kwantar da shi kwana biyu.

Tambaya: Likita, idon karyar da na ɗauko ya yi shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi. Makancewa za ta yi?

Amsa: 'Yar'uwa, galibi a'a. Daga shekara bakwai ko takwas tsakiyar idon kare yakan taurare ya yi wannan launin a ido biyun daidai wa daida, kuma suna gani da shi. Yanar ido daban ce, fara ce kamar an fasa ƙanƙara a ciki, ita ce ke tare gani. Likita zai bambance su da 'yar fitila cikin minti ɗaya. Idan farin ya zo da sauri cikin makonni, ga yawan shan ruwa, a gwada ciwon suga. Idan idon ya yi ja, ko ya kumbura, ko tana runtse shi, a je ranar. Ko da ganin ya ragu, hanci ne babban jagoran kare, ki dai bar kujeru da kwanon ruwa a inda ta san su.

Tambaya: Anti, karyata shekararta tara, ba a cire mata mahaifa ba. Wata guda da ya wuce ta yi jinin neman barbara. Kwana uku ke nan tana shanye ruwa kwano-kwano, ba ta cin abinci, ta yi laushi. Maƙwabcina ya ce zafi ne.

Amsa: Ƙanwata, na riga na amsa miki ta waya ranar da saƙonki ya iso, na sa shi a nan ne don wasu. Wannan na gaggawa ne. Karya ba ta daina jinin barbara komai tsufanta, kuma cikin sati biyu zuwa takwas bayansa mahaifa na iya cika da mugunya. Wani lokaci mugunyar na fitowa a gan ta, wani lokaci bakin mahaifar a rufe yake ba a ganin komai, wannan ya fi haɗari, domin tana iya fashewa a ciki. Sikanin ke nunawa, maganin kuma mafi yawanci tiyata ce a cire mahaifar, kuma waɗanda aka kai da wuri yawancinsu suna tashi. Duk mai tsohon kare ya san awon ruwa: abin da ya haura mililita 100 a kan kowane kilo a rana ya yi yawa, wato kare mai kilo 20 ya sha fiye da lita biyu. Ciwon ƙoda da na suga ma haka suke farawa. Kada a rage masa ruwan, a nemo dalilin.

Tambaya: Likita, shekara biyu ke nan da na ɗauko shi, yanzu ya kai 14. Ya koma yawo cikin dare yana haushi ba dalili, yakan shiga kusurwa ya kasa fitowa, wani lokaci ya dube ni kamar bai san ni ba. Ba na samun barci. Ta yaya zan san lokaci ya yi?

Amsa: Yayana, na ji nauyin wannan wasiƙar. Abin da ka kwatanta ya yi kama da ruɗewar tsufa, wadda a ƙwaƙwalwar kare take da kamanni da cutar Alzaima ta mutane. Kafin a yanke cewa ita ce, a kore ciwon jiki da ciwon mafitsara da raguwar gani, domin kowannensu na hana barci. Idan ita ce, ba ta warkewa, amma akan sami sauƙi. Akwai magani mai suna selegiline da ke taimakon wasu. Ka fitar da shi hasken rana da safe, ka bar shi ya shinshina abin da yake so, kada ya wuni yana barci. Ka bar 'yar fitila a kunne da dare, ka toshe kusurwoyin da yake maƙalewa, ka fitar da shi fitsari daf da kwanciya, ka riƙe lokacin abinci ba sauyi. Ka kuma faɗa wa likita kai ma ba ka barci, akwai abin da zai iya ba shi na dare.

Wani abu da nake son kowa ya sani: tsohon kare kan wayi gari kansa a karkace, idanu na rawa, yana faɗuwa gefe ɗaya yana amai. Mutane sukan ɗauka shanyewar jiki ce su yanke ƙauna. Sau da yawa jiri ne daga cikin kunne, yakan fara sauƙi cikin kwana uku, ya kusa warwarewa cikin sati biyu ko uku. Kada a yanke babbar shawara a ranar farko.

Tambayarka ta ƙarshe ba ni da ranar da zan ba ka. Wata likitar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, ta tsara ma'auni mai abu bakwai: ciwo, cin abinci, shan ruwa, tsabtar jiki, walwala, iya motsi, da ko kwanakin daɗi sun fi na wahala yawa. Na ƙarshen nan na yi amfani da shi a kan Duna. Na rataya kalanda, kowane dare in sa alama, ranar daɗi ko ta wuya, domin zuciya takan manta jiya idan yau ya ɗan ci abinci. Da alamomin wuya suka rinjaya sati uku a jere, magani kuma ya daina kama shi, na yarda a yi masa allurar da ke kawo ƙarshen wahalar. Ana fara ba da ta barci, ba ya jin komai. Na zauna a ƙasa, haɓarsa a kan ƙafata. Idan lokacin ya zo maka, in za ka iya, ka tsaya a ɗakin.

Tambaya: Anti Likita, mahaifiyarmu ta kwanta ciwo, za ta koma wurin yayata. Tana da kare ɗan shekara 12, kuma cikinmu ba mai wurin ajiye shi. Mu kai shi gidan kula da dabbobi?

Amsa: Ƙanena, Allah Ya ba Mama lafiya. Gidan kula da dabbobi ya zama zaɓi na ƙarshe. Ɗan shekara 12 a keji, ga siminti, ga haushi dare da rana, yakan rame cikin makonni, kuma yana iya daɗewa ba mai tambayarsa. Ku fara da waɗanda ya riga ya sani: maƙwabci, dangi, mai kawo masa ziyara, asibitin da ake kai shi, domin ma'aikata sukan san wanda nasa ya mutu yana neman wani. Ku tambayi gidajen ko za su tallata shi alhali yana zaune a wurin ɗayanku na ɗan lokaci, ko su ba da shi riƙo a gidan wani. A Birtaniya har ƙungiya ce da su don wannan, Cinnamon Trust, tun 1985 take kula da dabbobin tsofaffi da masu jinya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kai shi nesa a sake, wai zai nemi na kansa. Karen da ya shekara 12 ana zuba masa a kwano, mota ko yunwa ce za ta same shi. Kada kuma ku miƙa wa baƙon da ba ku ga gidansa ba.

Ku kai shi a duba shi kafin ya tafi, a gyara abin da zai gyaru, a faɗa wa mai karɓa sauran ba rufa-rufa. Ya tafi da shimfiɗarsa ba a wanke ba, da kwanonsa, da wani tsohon mayafin Mama mai ƙanshinta. Idan lafiyarta ta bari, a roƙi mai karɓa ya riƙa turo mata hoto.

Sannan ka ɗauki biro ka zauna kusa da ita tun tana iya magana da kai, ka rubuta abin da ita kaɗai ta sani. Duna bai zo da irin wannan takarda ba. Wata biyar na yi ina kiransa da murya yana jinkiri, sai wata rana wani mai wucewa ya yi fito sau biyu, na ga ya miƙe zumbur ya nufi ƙofa yana rawar jiki. Da fito aka saba kiransa shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya gaya mini. Ka tambayi Mama yadda take kiransa, ƙarfe nawa yake ci, yadda yake nuna yana son fita, abin da yake tsoro, inda yake son a sosa masa, inda ba ya son a taɓa, da kalmar da take faɗa masa kafin ta kashe fitila. Ka yi kwafi biyu, ɗaya a ba mai karɓa a hannu, ɗaya a cikin jakar maganinsa.